Daga Kujerar Baya Ya Koya Mini

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, motocin tasha sun jeru tun daga ƙofar masallaci har bakin rijiya. Ban fita na gani ba, ina ɗaki tare da Inna, uwar maigidana, amma kunnena ya gaya mini. Mota ta iso, a kashe ta, a rufe ƙofa a hankali, sai wata ta iso. Direbobin Dogarawa ne da na Malbaza, har da waɗansu na Birnin Konni da suka bar layinsu suka zo. An ce da aka fito da shi, tsofaffin cikinsu ba su bari an aje makara ba sai da kowannensu ya sa kafaɗa.

Cikin gida kuwa mata sun cika tsakar gida har bakin rumbu. Wata Bafillatana mai tallan nono, ta tsufa har ta ranƙwafa, ta zauna gefen tabarma har aka shafa addu'a. Sannan ta dubi Inna ta ce, "Shekara da shekaru ina shiga motar mijinki da ƙwarya bisa cinya. Ko ludayi guda bai taɓa zubar mini ba." Wata mai albasa daga wajen Tajaye ta ce shi kaɗai ne direban da ke jiran tsohuwa ta gama gyara zama kafin ya motsa. Wani Buzu mai raƙuma ya tsaya zaure ya aiko da gaisuwa, ya ce a gaya wa iyali mutumin nan ya taɓa kashe motarsa tsakiyar hanya, ya zauna har garke ya gama ƙetarewa, don kada ƙara ta firgita ƙananan.

Ana cikin haka ƙanwar Inna ta sunkuyo, ta yi maganar da kowa ke tunani bai faɗa ba. Ta ce, "To yanzu wa za shi riƙa kai ta likita?"

Inna tana da hawan jini da ciwon suga, ƙafafunta na kumbura. Duk bayan sati biyu sai an kai ta asibiti a Konni, a auna ta, a duba maganinta. In ta tsallake sau ɗaya, jikinta ke faɗa. Na ga idanu sun juyo wajena, waɗansu da tausayi, waɗansu da wani abu daban. Duk garin an san ni ce nake tuƙa motar Baba, surukin nawa, tun da idonsa ya yi rauni. An kuma san ba kowa ne ya so haka ba.

Ina rubuta wannan ne don jikokinsa. Ƙananan cikinsu za su taso su ji an ce kakansu direba ne, shi ke nan. Ni kuwa na zauna gidansa shekara goma sha huɗu, kuma na ga abin da ya wuce haka.

Abin da na fara sani game da shi, tun ina amarya, shi ne yadda yake tayar da mota. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, fara ce a da, rana da ƙasa suka mai da ta ruwan kunu. Tana kwana ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. In ya dawo daga masallaci ya sha kununsa, sai ya fito ya kewaya ta sau ɗaya, yana taɓa kowace taya da ƙafa. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, domin kaji da ƴan awaki na son sanyin ƙarƙashinta. Ya shiga da bismillah. Ya girgiza sandar giya hagu da dama ya tabbatar tana firi, wato ba ta cikin kowace lamba. Ya taka kuloci har ƙasa, sannan ya murɗa makulli. In ta tashi ba ya taɓa totur. Sai ya zauna, hannu bisa gwiwa, kai a karkace, kamar mai sauraron wanda ke magana daga bayan katanga. Ni ina shara ina jin ta, har na saba ina gane ranar da take lafiya da ranar da take tari.

Ba ma magana da shi sosai. Gaisuwa ce ta safe, in durƙusa daga nesa, ya amsa yana duban wani waje. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi zancena sai ya ce "ɗiyar lakwal", wato ɗiyar boko, saboda na yi koleji kafin aure, kuma ni ke karanta wa gidan takardun likita. In yana son wani abu daga gare ni, Inna yake gaya wa, ko da kuwa ina tsaye nan.

Maigidana ɗansa ne na fari, yana cin rani Abijan, shekara sau ɗaya yake zuwa. Bai iya tuƙi ba. Baba ya gwada koya masa yana saurayi, kwana uku suka yi suka rabu, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa. Baba ya kan ce, "Wanga ƙafarshi ta fi kanshi sauri." Sauran ɗiyansa mata ne, duk suna gidajen aure.

Idonsa ya fara ne da hazo. Ya bar aikin tasha ba tare da an ce ya bari ba, ya rage sai kai Inna asibiti. Wata rana sun dawo da la'asar, ya shigar da mota rumfa, ya daɗe a ciki bai fito ba. Inna ce ta gaya mini daga baya. Wajen Malbaza wata yarinya ta tsaya bakin hanya da tulu, bai gan ta ba sai da suka wuce ta, Inna ta ce Allah ya kiyaye, ya ce mi ya faru. Ta gaya masa. Daga ranar bai ƙara hawa kwalta ba.

Zuwa na gaba aka kai Inna tasha. Ta zauna tun hantsi ana jiran mota ta cika, da suka isa Konni likitan ya tashi. Ta dawo ƙafafu kamar turmi, ta kwana biyu ba ta taka ƙasa ba. Kabu-kabu kuwa, wato babur na haya, ba zance, jiri ke ɗibarta ko a tsaye. Baba ya nemi wani direba, ya ba shi motar sau ɗaya. Da ya ji yadda mutumin ya fizge ta daga ƙofar gida, ya ce wa Inna har cikin haƙoransa ya ji, bai sake kiransa ba.

Bayan kwana kaɗan ina tankaɗe, Inna na zaune, ya tsaya bakin ƙofar ɗakinsa ya ce, "Ki tambayi ɗiyar lakwal ko tana tsoron mota."

Inna ta ce, "Ga ta nan, ai ta jiya."

"Ke na tambaya."

Inna ta juyo. "Wai kina tsoron mota?"

Na ce, "Ina tsoro, Inna."

Ya ce, "Madalla. Ki ce mata wanda ba ya tsoro ba ni koya mashi. Ta nemi izinin mijinta."

Na kira maigida a waya, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in na iya kwana huɗu da Baba na fi shi. Sannan ya ce, "Ki yi, don Allah. Tsohuwa ce."

An gama girbi lokacin. Akwai wata gona ta gidan, fili ne shimfiɗaɗɗe bayan gari, an kwashe kara. Shi ya kai mu can a hankali, don hanyar ya san ta ko ido rufe. Da muka isa ya fito, na zaci zai zagaya ya zauna gefena. Sai ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya zauna daidai bayana. Inna ya sa gaba. Haka muka yi koyon nan tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganin fuskarsa yana koya mini ba, sai farin gemunsa a madubi. Shi ma ba ƙafafuna yake kallo ba, ba zai gan su ba ko ya so. Da kunne ya koya mini.

Ya ce in cire takalmi. Ya ce in tattara hijabina in zauna a kai, kada ya sauka wajen ƙafafu. Ya ce abubuwa uku ne a ƙasa: na hagu kuloci, na tsakiya birki, na dama totur. Ƙafar hagu ba ta da aiki sai kuloci, ƙafar dama ita ke da biyun. Na girgiza giya, na taka kuloci, na murɗa makulli, ta tashi. Na ji kamar na taɓa abin da aka hana ni.

"Kuloci na ƙasa?"

"Yana ƙasa, Baba."

"Sa ta lamba ɗaya. Ki ɗan ba ta totur, kaɗan, kamar kina hura wuta da itace ɗanye. Yanzu ɗaga ƙafar hagu, a hankali."

Na ɗaga. Mota ta yi tsalle kamar akuya, ta mutu. Kan Inna ya kusa gaisawa da gilashi.

Ya ce, "Sake."

Ranar sau nawa ta mutu, ban iya ƙirgawa ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. "Sake" kawai, sai ka ce mai jan carbi. Can da ya ji numfashina ya canza, ya ce in kashe ta, in saurara. Ya ce kuskurena ɗaya ne, ina ganin kuloci ko a ƙasa ko a sama, alhali aikin duka yana tsakiya. Akwai wani wuri, in ƙafa ta iso shi, muryar mota za ta sauka, hancinta ya ɗan ɗaga, ta yi rawa kaɗan. "Nan ne ta yarda za ta tahi. In kin ji haka, kada ki saki, kada ki danne. Tsaya nan. Ki sauke birkin hannu, ki dubi madubi, ki bar ta ta fara tahiya da kanta. Sai ta yi taku uku sannan ki ɗauke ƙafa."

Kwana na uku ya zo da kwano. Ya cika shi da ruwa daga jarka, ya miƙa wa Inna ya ce ta riƙe bisa cinya.

Inna ta ce, "Na mi ne?"

"Shi za shi hwaɗa mana gaskiya."

Na tashi mota, ruwa ya watsu har wuyan rigarta. Aka sake cikawa, aka sake watsawa. A na huɗu Inna ta ce, "Malam, wai likita za a kai ni ko wanka anka kawo ni?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ana cewa ruwan sanyi na sauke jini."

"Wa ya ce?"

"Ni."

Dariya ta kama ni har na kifa kai bisa sitiyari, na ji kunya na rufe baki da hijabi. Na ji shi ma yana yi a baya, ƙasa-ƙasa. Ita ce dariyar farko da muka taɓa yi tare cikin shekarun nan duka. Sati biyu aka yi ana jiƙa Inna. Ranar da na tashi ruwan ya yi rawa kawai bai zube ba, ta ɗaga kwanon ta shanye rabi, ta ce ta huta.

Magana ba ta daɗe ba ta zagaya gari. Wanda ya fi jin zafinta shi ne ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, gidansa na manne da namu. Kada a ɗauka mugun mutum ne. Manomi ne mai tsoron Allah, shi ke raba rigima a unguwa, kuma tun suna yara shi da yayansa kwano ɗaya suke ci. Wata rana bayan azahar ina wanke-wanke kusa da zaure na ji su.

"Yaya, mutane na magana."

"Mi sunka ce?"

"Sun ce gidanmu maza sun ƙare."

"Sun ƙare mana. Ni makaho, ɗana Abijan, kai ko amalanke jaki ke ja maka."

"Ba wasa nike ba. Ɗiyar mutane ce, da ƙananan yara. In wani abu ya same ta bisa kwalta, mi za ka ce ma iyayenta? Manyan motocin ga ba su san mace ba, ba su san namiji ba."

Maganar ta shige Baba. Can ya ce, "Wannan gaskiya ne. Shi ya sa ba ni barin ta hau kwalta sai na yarda. Amma ka ga ƙafafun matata ranar da ta dawo daga tasha?"

"Allah na nan."

"Yana nan. Shi ya ba yarinyar ga ƙafa mai haƙuri."

Baba Ƙarami ya tashi ya fita. Daga ranar aka daina kawo kwanonsa zaurenmu. Kusan wata guda kowa na ci shi kaɗai, katanga ɗaya tsakaninsu. Na je na durƙusa wa Inna ina kuka, na ce a bari, ba na so in raba ƴan'uwa. Ta kai wa Baba maganar. Amsar da ya aiko ita ce gobe za mu fara koyon tudu. Daga baya kwanon ya dawo, ranar wata Juma'a, ba wanda ya ba wani haƙuri, ba kuma wanda ya sake ta da zancen. Amma in na fito da mota, Baba Ƙarami ya kan juya ya dubi bango har in wuce.

Tudun shi ne inda hanyar garinmu ke hawa kwalta. Dole ka tsaya can a karkace, hancin mota sama, ka jira manyan motoci su wuce, sannan ka tashi ba tare da ka koma baya ba. Ya nemo wani tudu mai kama da shi a bakin kwari, can muka yi ta yi. Birkin hannu a ɗaure, a nemo wurin nan na tsakiya, a ƙara totur fiye da na fili, sai an ji tana son tsinke igiya sannan a sauke birkin. Wata rana na rikice, na sauke shi da wuri, mota ta gangara baya ta bugi kututture, fitila ta fashe. Na san yadda yake son motar nan. Na zauna hawaye na zuba, na kasa ko juyawa.

Ya fita, ya shafa wurin da hannu, ya tsince gilasan ɗaya ɗaya don kada dabba ta taka. Ya dawo ya zauna. Ya ce wa Inna, "Hwaɗa mata ranar da anka kawo ki."

Inna ta ce, "Motar ubangidanshi ya aro don a ga ya iya. Ya koma da baya ya rushe ma kawuna danga, awaki sunka watse cikin gari. Ranar bikina awaki anka yi ta kamawa."

Ya ce, "To kin ji. Ke fitila guda ce. Sake."

Akwai kuma ranar otomatik, mota mai canza giya da kanta, ranar da har yau in an tuna ana dariya. Babban ɗan Baba Ƙarami yana da shago a Konni, magidanci ne da iyalinsa. Ya sayi motarsa ta farko, mai sheƙi, gajera kamar tana jan ciki, ya kawo ta gida a sa albarka. Aka bar rediyonta na yi tun hantsi har la'asar, ƙofofi a buɗe, kowa na shiga yana fita. Da zai tafi, batir ya mutu. A garinmu in mota ta ƙi tashi ba a shawara, turawa ake yi. Maza suka tattara riguna suka kama. Suka tura ta daga ƙofar gida har masallaci, ba ta ce uffan ba. Suka juyo da ita har rijiya. Liman ma ya sa hannu. Baba na zaune bisa tabarma yana jin ƙafafu na wucewa suna dawowa, sai ya tambayi abin da ake yi. Da aka gaya masa ya ce, "Ƙafa nawa gare ta a ƙasa?" Aka ce biyu. Ya ce, "Ku bar wahala. Wagga ko Makka kunka tura ta ba ta tashi. Ba ta da kuloci da za a saki." Ya sa na kawo motarmu kusa, aka haɗa wayoyi batir da batir, ta tashi nan take.

Ban ji ya raina ta ba. Ya roƙi ɗan ƙanensa ya bar ni in zauna ciki, ba don in tuƙa ba, don in sani. Ya ce in wata rana irin wannan ce kaɗai a gabana, in lanƙwashe ƙafar hagu in mance da ita, don in ta tashi neman kuloci birki za ta samu, kowa ya bugi goshi. In taka birki da dama kafin in murɗa makulli, sandar na kan harafin tsayuwa. In ja ta zuwa na tafiya ƙafata na kan birki, sannan in ɗaga a hankali, da kanta za ta fara rarrafe. Ya sa hannu ya shafa kujerar, ya ce, "Mai sauƙi ce. Da ita na samu da gwiwata ba ta mutu ba." Sannan ya ƙara da cewa shi dai bai san yadda mutum zai yi hira da motar da ba ta tambayarsa komai ba.

Shi ya matsa sai na yi permi, wato lasisin tuƙi. Na yi ta zuwa Konni wajen masu koyarwa har na samu takarda, ya riƙe ta kusa da ido ya juya ta, ya ce in karanta masa. Tafiyata ta farko da Inna, ya zauna wurinsa na baya. Na hau tudun kwalta mota ba ta mutu ba, na jira in ji ya ce wani abu, shiru. Muka wuce Malbaza, shiru. Na shiga damuwa, na ce ko wani laifi na yi. Da muka tsaya ƙofar asibiti na leƙa madubi, sai na ga kansa a jingine, baki a ɗan buɗe. Inna ta taɓa hannuna ta ce, "Tun da na san shi bai taɓa barci cikin motar da wani ke tuƙi ba. Ko hanyar Tawa zaune yake kai wa, yana taka birkin da babu." Da ya farka ya ce, "Mun iso?" Bai ce na yi daidai ba, ranar ko wata rana. Ban kuma nema ba.

Shekara biyu muka yi haka. Ciwonsa na ƙarshe kwana biyar ne, zazzaɓi da nauyin ƙirji, farkon damina. Ya cika bayan sallar la'asar, kansa bisa cinyar ƙanensa, kalmar shahada a bakinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan addu'ar uku, Baba Ƙarami ya aiko a ba shi makullin mota. Ya ce yanzu kayan magada ce, shi ne babba, zai riƙe har a raba. Game da Inna kuwa, ɗansa zai riƙa zuwa yana kai ta. Ni dai ba hurumina ba ne. Maigida bai samu isowa ba tukuna, hanya ta yi nisa, kuma ba zai yi jayayya da ƙanen ubansa ta waya ba. Na ɗauko makullin na ba da. An tambayi liman ko mai takaba na iya fita, ya ce zuwa likita lalura ce.

Ranar ta zo, kwana goma sha biyu da rasuwa. An yi ruwa daren jiya, hanyar garinmu ta jiƙe, motar ɗan Baba Ƙarami ba za ta iya ba, sai ya bar ta Dogarawa ya ƙaraso bisa kabu-kabu. Muka fito da Inna, ni da ƙanwarta muna riƙe da ita, muka zaunar da ita cikin motar Baba. Tun rasuwar ba ta ci abin kirki ba, ƙafafun sun cika, tana cewa tana ganin duhu-duhu. Masu zaman makoki na nan ƙofar gida bisa tabarmi. Ɗan Baba Ƙarami ya shiga, ya murɗa makulli mota na cikin giya, ta zabura ta tsaya. Ya gano kuloci, ya tashe ta, ya saki, ta mutu. Ya sake, ta mutu. A na huɗu ya cika ta da totur har hayaƙi ya tashi, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika rumfa, ta yi tsalle ta mutu. Inna ta dafe kai da hannu biyu. Zufa na zuba daga gemunsa. Mutumin kirki ne, ya fito ya ce wa ubansa a hankali, "Baba, ban iya wagga ba. Ko na fitar da ita nan, ba ni hawa tudun kwalta da ita."

Wani ya ce a je Dogarawa a nemo direba. Wani ya ce kafin a je a dawo likita ya tashi. Ina tsaye jikin katanga, kaina ƙasa, ina karanta abin da ya zo bakina.

Baba Ƙarami ya karɓi makullin. Ya tsaya yana duban matar yayansa ta gilashi, ya daɗe. Sannan ya taka ya aje shi bisa hancin mota, bai dube ni ba, ya ce wa ƙanwar Inna, "Ki ce mata rana na yi."

Na ɗauka. Na shiga na zauna. Bayana babu kowa. Na yi bismillah, na tashe ta, na bar ta ta huce daga wahalar da ta sha. Na ɗaga ƙafa har muryarta ta sauka, na tsaya nan, ta ɗauke mu. Da na leƙa madubi sai na ga Baba Ƙarami tsakiyar hanya, yana kore wata tunkiya da sandarsa don in samu wurin juyawa.

Mun samu likita. Ya ce jinin ya hau ƙwarai, ya canza mata magani, ya ce da an ƙara kwana da sai an kwantar da ita. Mun dawo bayan azahar. Na shigar da mota rumfa, na kai makullin zaure, na durƙusa daga nesa na aje shi gefen tabarmar Baba Ƙarami.

Ya ce, "Yaushe ne na gaba?"

Na ce, "Bayan sati biyu, Baba."

Ya tura makullin da bakin sanda har ya iso gabana. Ya yi gyaran murya, yana duban ƙofa.

"Gwiwar ga tawa ta dame ni tun bara. Yaya ya sha ce mini in je a duba, na ƙiya. In akwai wuri, ki tsaya ƙofata."

Na ce, "Akwai wuri."

Ya Allah, bawanka ya ɗauki bayinka shekaru masu yawa bai wahalar da mai rauni ba. Ka ɗauke shi da sauƙi, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka mayar masa da ganinsa a inda ba a hazo. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka kai mu ka dawo da mu. Amin.